Rabin Mataki Ƙasa

…da kwata. Inci ashirin da bakwai da kwata. Ga shi a takarda, rubutun hannuna. Sau uku na auna ƙofar barandar nan, Réjeanne matata — sama, tsakiya, ƙasa. To don me awon Bissonnette, mai kwasar kaya, yake cewa ashirin da bakwai cif? Ina kwatan ya tafi?

A Fabrairu na auna. Shi ke nan. A Fabrairu, lokacin da bututun ɗumama ɗaki ya tsotse katakon gidan nan har ya motse. Yau ɗaya ga Yuli, iska jiƙe take kamar tsumma, katako ya sha ya kumbura. Ni fa. Ni da na shekara arba'in da shida ina shiga ɗakunan mutane da jakar aiki, ina saita musu fiyano, ina ja musu kunne cewa katako numfashi yake yi… Da kina raye da kin yi dariya har kin zauna a kan akwati.

Babu ma akwatin zama. Sun sauke komai tun ƙarfe takwas. Saura fiyano, saura ni. Tsofaffi biyu da matakala ta fi ƙarfinsu.

Bissonnette ya ce kada in damu, zai ɓamɓare katakon gefen ƙofar, aikin minti goma ne. Ƙaton mutum, wuya kamar kututture, amma na lura da yadda ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin kafin ya taɓa komai. Ya san aiki. Ya ce wannan ne gida na huɗu yau, ga biyu a gaba, ranar ƙaura ce, duk Montréal ta fito da katifarta bakin titi, kowa yana ganin tabon kowa. Ya sa kafaɗa ya gwada nauyin, ya dube ni.

"Baba Grondin, wannan ai ba fiyano ba ne, surukata ce. Ga nauyi, ga ba ta son barin gidan mutane."

Ƙarshen maganar ban ji ba, sai da Yvon, abokin aikinsa, ya maimaita da ƙarfi. Wannan na'urar da 'yarmu Odile ta sa mini a kunne… tana kawo kukan mota, tana kawo ƙarar cokali, abin da nake so ne kawai ba ta kawowa.

Kada ku gungura shi a kan tayoyinsa, na ce, tayoyin nan ado ne. Nauyinsa duk a baya yake, inda ƙarfen yake, in ya rinjaya ta can babu mai tare shi. Kada a kulle murfin da makulli, a ɗaure shi da ƙyalle. Makulli ranar ƙaura ɓata yake yi. Bargo biyu, ba uku ba, ba wurin uku. Sun sani. Duk sun sani. Bissonnette yana cewa to, to, kamar yadda ake ce wa tsoho. Amma me zan yi da bakina in ban faɗa ba?

Odile tana ƙasa, tana gadin wurin tsayawar mota da kujeru biyu da igiya. Daga nan ina hango tsakiyar kanta. Ta yi furfura, Réjeanne. 'Yarmu ta yi furfura. Ta share mini ɗaki a gidanta na Longueuil, babu matakala ko ɗaya, ta zaɓa masa bango na ciki, nesa da taga, nesa da bututun zafi, yadda na koya mata tun tana 'yar firamare. In ya yi mako uku ya saba da iskar gidan, za ta kira wata mai saiti, wadda 'yan ƙungiyar waƙarsu suka yaba. Ta faɗa mini a hankali, yadda ake gaya wa mutum miya ta zuba masa a riga.

"Papa, kada ka ji haushi. Sautinsa ya sauka. Na gwada da waya, ya kusa rabin mataki."

Ba kusa ba ne. Cif ne. Rabin mataki, tazarar da ke tsakanin farin maɓalli da baƙin da ke jikinsa. A zatonta kunnena ya mutu tun kafin in yarda, na bar na gidana ya lalace ina gyaran na mutane. Na bar ta a kan haka. Shekara nawa ina haɗiye wannan kunyar?

Ba sauka ya yi ba. Ni na sauke shi.

Kirsimetin casa'in da bakwai. Kina can sama wurin mawaƙa da koriyar riga — a'a, ruwan toka, koren daga baya ne — coci cike har bakin ƙofa, ana jiran wurin nan na ƙarshen waƙa inda muryarki take hawa ita kaɗai. Shekara ashirin da shida kina hawa shi. Mutane daga wasu unguwanni suke zuwa saboda shi. Kin ja numfashi, kin hau, sai… kamar an taka busasshen kara. Mai bugun molon cocin ya rufe da sauri, Allah ya saka masa. Muka dawo gida a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Kika soya albasa, kika ɗumama fanken naman, kika sa wa kowa a faranti. Ba ki sake hawa wurin mawaƙa ba. Murfin nan kuma mako shida a rufe. Kika ɗora masa tukunyar fure, ke da kike faɗa in an ɗora masa ko jarida.

Wata Talata kin tafi wurin yayarki. Na sauke tukunyar, na buɗe saman, na ɗauko sifanata. Tsirkiya ɗari biyu da ashirin da 'yan kai. Kowace ɗaya na sassauta mata kaurin gashi. Duka tare, daidai da juna, yadda babu kunnen da zai ce wani abu ya canza, sai dai gaba ɗaya gidan sautin ya nutse kaɗan, kamar jirgin ruwa da aka ƙara wa kaya. Awa uku. Na bar murfin a buɗe, na ce miki na ga ƙura ne.

Bayan kwana huɗu, ina kicin na ji kina waƙa. A hankali da farko. Sannan kika hau.

"Ka ji, tsohona? Ashe mura ce kawai. Har yanzu ina kaiwa."

Na ce ai na gaya miki.

Kowace shekara bayan nan, in muryar ta ƙara sauka, sai in bi ta. Wata Talata, kaurin gashi. Shekara ashirin da ɗaya. Tsufa yana jan ki ƙasa, ni kuma ina sauko miki da rufin ɗaki don hannunki ya ci gaba da taɓa shi…

Ƙarar ƙusa. Yvon ya ɓamɓare katakon, fenti yana zuba, launi a kan launi, fari, shuɗi, ruwan ƙwai na farkon zuwanmu. Ashirin da takwas yanzu. Ya isa. Ya isa har da saura.

Fada Théodule, malamina, ba zai kira wannan ƙauna ba. Can arewa, makarantar mishan, bakin kogi, inda jirgin ruwa yake zuwa sau biyu a wata in ƙanƙara ta bari. Ina da shekara goma sha ɗaya, yatsuna sun tsage don sanyi. Ya buga ƙarfen sauti a gwiwarsa, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu, ya kafa mini gindinsa a ƙashin bayan kunne. La. Ya ce wannan shi ne la, sautin da ake auna sauran da shi, a nan da Roma da ko'ina, jiya da gobe. Mutum yana iya yin ƙarya, wannan ba ya yi, kuma mai saitin da ya kauce masa ya yi shaidar zur da hannunsa. In na kauce, rula a bayan yatsu. Ban tsane shi ba. Shi ya ba ni abin da na ci abinci da shi. Sau nawa na durƙusa a ɗakin furta zunubi da maganar nan a bakina? Me zan ce? Fada, na yi wa matata ƙarya da sifana? Sai in faɗi fushi, in faɗi ƙyashi, in tashi.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa a shekarar farko. Naki ƙarfen. Wanda sistocin coci suka ba ki ranar da kika gama makaranta, da harufan sunanki a gindi. Kowace safiya sai kin buga shi kafin ki buɗe baki. In kika buga shi kika taɓa maɓallin la a lokaci guda, asirina ya tonu. Har na yi tunanin sace shi, ni, Ovila Grondin, da ban taɓa ɗauke ko fensir a gidan mutane ba. Sai ga ki kin dawo daga kasuwa, wajen Ista, kin ce ya faɗi a cikin bas, kin duba jaka kin duba aljihu. Na gode wa Allah a zuciyata — a kan wannan fa na gode masa. Don munafunci har na ce in ba ki ɗaya daga cikin nawa. Kika ce me za ki yi da shi, kina da mai saiti a gida.

Suna janye shi daga bango. A hankali, a hankali, ku ɗaga kada ku ja… Ga inuwarsa a fenti, murabba'i ruwan ƙwai, kamar an cire hoto. Ƙura kamar gashin kyanwa. Maɓallin riga. Katin gaisuwa daga wani da ya mutu tuni.

Ba girgizar mota nake tsoro ba. Mutane suna zaton ita ke ɓata saiti. Ba ita ba ce, in dai an ɗaure da kyau. Iskar sabon gida ce. Gidan Odile yana da na'urar sanyaya ɗaki, katakon cikinsa zai bushe, tsirkiyoyi za su bi shi, wata ta yi nan wata ta yi can. Cikin wata guda ba zai zama nawa ba, ba zai zama na kowa ba. Ni kuma ba zan iya mayar da shi ba. Daga tsakiya zuwa sama ba na jin komai sai ƙwas-ƙwas na katako. Dole wani ya sa masa hannu. In kuwa ba a gaya wa matar nan ba, za ta buga ƙarfenta, ta ja kowace tsirkiya sama zuwa inda duniya take, aikinta ke nan, ni ma haka zan yi. Wasu za su tsinke, sun shekara da yawa a sake. Ba wannan ba ne. Abin shi ne, in ta gama, babu sauran wuri a duniya inda muryarki take kaiwa.

Sai in faɗa. Sai in ce, Odile, ki gaya mata ta bar shi a ƙasa. Za ta ce don me, Papa? Sai in ce… Odile da take gaya wa 'yan ƙungiyarsu cewa uwarta har ta shekara saba'in da huɗu ba ta rasa sauti ɗaya ba. A wurin jana'iza ma ta faɗa, a gaban kowa. In ƙwace mata wannan? In bar ta da shi, ke in rasa ki karo na biyu? Mako uku nake da su. Tun Fabrairu nake cewa gobe.

"Baba Grondin, wannan naka ne? Ko ajiyar ɓeraye?"

Yvon ne. Ya zura hannu baya yana neman mariƙin ɗagawa, mariƙin katakon nan da ke can ciki tsakanin ginshiƙai, ya ce wani abu ya soke shi. Ɗaure yake, ya ce, sai da ya sa wuƙa. Ya miƙo mini. Safar yara ce, ta Odile ta dā, ƙura ta mai da ita baƙa. Da nauyi kaɗan. Tun kafin in buɗe ta, yatsuna sun gane — ƙafa biyu, gindi ɗaya.

R. L. Harufan sistoci.

Na ce nawa ne. Na ce na gode. Na sa a aljihu.

Fiyano ya hau kan allo mai tayoyi. Ɗamara biyu, sun ja har bargon ya shiga. Bissonnette a gaba yana ja da baya, Yvon a baya, kafaɗa a jikin ƙarfen. Bakin ƙofa… ɗaga… kusurwar hagu, ku kula da kusurwar hagu — ya wuce. Ya wuce, bai goga ba. Yana kan baranda, cikin rana. Shekara hamsin da uku bai ga rana haka ba.

Bas. Kin ce bas.

Faɗuwa ya yi? Abu yakan faɗa bayan fiyano, katin nan ma ai faɗawa ya yi. Amma abin da ya faɗi ƙasa yake zuwa. Ba ya shiga safa. Ba ya hawa ya ɗaure kansa a mariƙi, inda sai an durƙusa an matse kunci a bango an miƙa hannu har kafaɗa. Na buɗe samansa, na buɗe ƙasansa wurin fedar da ake takawa, sau biyu a shekara, babu lungun cikinsa da ban sani ba. Bayansa ne kawai ba ni da dalilin dubawa. Kin san haka. Wa ya fi ki sanin inda ba na dubawa?

Ƙugiya tana saukowa daga saman motar ɗaga kaya, tana lilo. Mai tuƙin yana can ƙasa da akwatin maɓallai a ƙirji, yana tauna cingam. An tare titi, masu motoci suna ta oda, wata mata a barandar da ke fuskantarmu ta fito da kofinta tana kallo. A saba'in da ɗaya babu ƙugiya. Igiya ce da ƙarfen jan kaya a bakin rufi, da yayyenki uku, biyu sun riga sun sha giyar da aka ajiye don bayan aiki. Kina tsaye a bakin titi da cikin Odile wata bakwai, hannu biyu a baki. Fiyano ya tsaya a hawa na biyu yana juyawa, yayanki Léandre yana zagin duk abin da ke cikin coci ɗaya bayan ɗaya, ke kuma kina cewa in ya faɗi ku ma ku bi shi…

Zaren. Guntun zaren da Yvon ya yanka yana nan a bakin safar. Ulu. Kore.

Na san koren nan. Shekarar da ƙanƙara ta karya turakun lantarki, Janairun casa'in da takwas, kwana tara ba wuta, kina zaune bakin taga da bargo kina saƙa mini suwaita don kada ki dubi murfin da ke rufe. Kin gama ta a Fabrairu. Ragowar zaren kin ce bai isa komai ba. A Fabrairun nan na fara. Wajen Ista ƙarfe ya ɓata.

Ba a shekara ta goma ba ke nan, da tazarar ta yi yawa. Ba a ta biyar ba. Tun karon farko. Tun kaurin gashi na farko.

Yaya aka yi ban… Ni na koya miki. Ni da bakina. Kafin mu yi aure, a ɗakin taron coci, ina neman abin da zan burge ki da shi, ba ni da mota ba ni da fuska. Na buga ƙarfe, na taɓa tsirkiyar da ta kauce kaɗan, na ce ki saurara, ba wannan ba, ba wancan ba, tsakaninsu. Sautuka biyu in ba su daidaita ba rawa suke yi a tsakani, wu-wu-wu, kamar fitila a iska. Kika rufe ido. Kika ce na ji. Na ce yanzu babu mai saitin da zai cuce ki har abada. Haka na ce. Har abada.

Sun ɗaga. Tayoyin sun bar ƙasa. Ɗamara tana kuka, wannan kam ina ji. Ya haye saman ƙarfen baranda, inci biyu, bai fi ba, yanzu babu komai a ƙarƙashinsa sai hawa uku na iska da kan Odile — matsa, yarinya, matsa daga nan. Yana juyawa a hankali. Bayansa ya juyo gare ni, ginshiƙai biyar, mariƙin, da ɗan kore a jiki.

Wata safiya ke nan kin buga, kin taɓa la, kin ji rawar. Ina ina a lokacin? Kicin, watakila, ina wanke kofi, ina taya kaina murna. Kin zauna a kujerar nan kin gane abin da mijinki ya yi da Talatarsa. Ba ki kira ni ba. Kin nemo safa.

Ka ji, tsohona? Har yanzu ina kaiwa.

Kowace Kirsimeti. Kowace Kirsimeti sai kin juyo kin dube ni, ni kuma in ɗaga kai daga jarida in ce ai na gaya miki. Ina zaton ni nake riƙe da ke. Me kike gani a fuskata a lokacin? Shi ya sa kike juyowa? Kuma Talatocin nan… yayarki ta rasu a dubu biyu da tara. Kika ci gaba da fita ranar Talata. Kin ce iska kike sha. Awa uku cif, ko ana dusar ƙanƙara, ki dawo hanci ja, ki yi ta buga takalmi a matakala tun daga ƙasa, ke da kike tafiya kamar kyanwa. Don in ji. Don in rufe saman in ɓoye sifana.

A ina kike zama, Réjeanne, awa uku, cikin sanyin nan?

Ko kuwa… ko kuwa ba don ni ba ne. Ko kin ɗaure shi can ne don kada hannunki ya kai gare shi, don ki manta, ki yarda. Mutum yana iya ɓoye wa kansa abu ya manta inda ya sa? Wanne ne? Shekara uku da suka wuce, a asibiti, kin buɗe baki za ki ce wani abu, na ce ki huta, kada ki wahalar da kanki. Ni na ce ki huta.

Ya wuce hawa na biyu. Bai taɓa matakala ba, bai taɓa wayar lantarki ba. Bissonnette ya riga ya sauka, ya ɗaga hannu biyu yana karɓarsa kamar jariri. Ƙasa… ƙasa… ya zauna. Matar nan mai kofi tana tafi. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na yi abin da na ce zan yi. Na sauke shi lafiya.

Odile ta ɗaga kai, ta kare rana da hannu, waya a ɗaya hannun.

"Papa! Mai saitin ce. Ta ce ashirin da biyu ga wata ya yi? In ce mata e?"

Na ciro ƙarfen daga aljihu. Gwiwata ba ta da nama yanzu, ƙashi ne zalla, ya fi ma kyau. Na buga. Na kai kunne — babu komai, sai kukan motoci a cikin na'ura. Fada Théodule yakan ce in kunne ya gaji, ƙashi ba ya gajiya. Na sake bugawa. Na sa gindin tsakanin haƙorana.

Ga shi. Ta muƙamuƙi, ta ƙoƙon kai, har bayan idanu. La. Na gaskiya, na Roma da ko'ina. Ashe haka yake da tsayi? Ashe can sama kika bar shi, shekara ashirin da shida a cikin safa, bai sauko ko kaurin gashi ba…

"Papa? Kana ji na? In ce mata me?"

Ina ji. Ina ji, 'yata. Bari ya mutu tukuna, ba a buɗe baki yana kaɗawa. Yana raguwa… yana raguwa… bai ƙare ba tukuna.